Gwajin jini ɗaya da allura ɗaya wai na otizim da sankara: abin da na ishe cikin takardun da anka turo wa Yaya

Wanga lamari cikin danginmu ya faru, nan garin Sakkwato, kuma sai da na nemi izinin masu shi kafin in rubuta, sharaɗinsu ɗai kar a faɗi suna kar a faɗi unguwa. Ni aikin lab nake yi, awon jini da fitsari da makamantansu, don haka duk takardar da ta shafi gwaji in ta shigo dangi to wayata take ƙarewa.

Gidan Yayana ne. Allah ya haɗa mai jarabawa biyu lokaci guda. Ɗansa na biyu, namiji, ya kai shekara huɗu ba ya magana sai 'yan kalmomi da yake ta maimaitawa, ba ya haɗa ido da mutum, in ka kira sunansa ko waiwaye ba ya yi alhali in an buɗe ledar biskit a wani ɗaki ya ji, in kuwa anka canza mai kofin da ya saba ko wurin kwanciya to ranar gidan ba zaman lafiya. An yi ruƙiyya an sha rubutu, wasu sun ce iska ce wasu sun ce baki ne, a ƙarshe dai likitan yara ya duba shi ya tura su gaba, anka tabbatar otizim ne, wanda mutane ke cewa galahanga. Sai kuma surukarsa, mahaifiyar matarsa, mu duka Inna muke ce mata, an gano tana da sankarar mama, an yi aiki an cire, an fara kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin sankara, ana jiran lokacin gashi, wato gasa wurin da hasken na'ura.

Matar Yaya, Anti, tana cikin wani gurup na WhatsApp na iyayen yara masu irin wagga lalura. Nan ne wani mutum da ke kiran kansa dakta ya saka dogon saƙo, wai akwai wani sinadari cikin jini sunansa nagalase, shi ke hawa ga mai ciwon daji da mai ƙanjamau da yaro mai otizim, wai in an auna shi za a san cutar tun kafin ta bayyana, kuma akwai allura sunanta GcMAF da ke saukar da shi mutum ya warke, wai manyan kamfanonin magani ne ke ɓoye zancen har sun kashe likitan da ya tona a Amurka. Ƙasan saƙon kuma, wanda shi ne ya kama Yaya, jerin takardun bincike ne, kowace da sunan marubuta da sunan mujalla da shekara har da lambar shafi. Mutumin ya ce shi yana da hanya, za a ɗebi jini a aika waje, allurar kuma a kawo ta cikin kula da ƙanƙara. Kuɗɗin da ya yanka na yaron da na Inna in an haɗa sun kusa kuɗɗin filin da Yaya ke da shi wajen gari.

Da ya turo min sai ya biyo da saƙon murya: "Kai ad da ilmin abin, duba man wagga takarda. Ba zancen boka na ba, manyan likitoci na, ga sunan mujallu nan har da shafi. In gaskiya ta, wallahi ni sai da hilin nan."

Farko dai in yi adalci, don abin da wani abokin aikina ya fara cewa shi ne ai duk wanda ka ga yana rubutu kan otizim kuma yana rubutu kan sankara to ɗan damfara ne, mi ya haɗa su. Wannan ba haka ba ne. Akwai haɗi na gaske tsakanin fannonin biyu kuma masu bincike na kirki suna aiki a kai. Akwai ƙwayar gado da ake kira PTEN, an gano ta a 1997, aikinta taka wa ƙwayoyin jiki burki kar su yi ta girma da rabuwa ba ƙa'ida. Wanda anka haifa da ita a lalace yana cikin haɗarin sankarar mama da ta thyroid da ke maƙoshi da ta mahaifa. A 2005 Merlin Butler da abokan aikinsa sunka duba mutum 18 masu otizim waɗanda kawunansu sunka fi ƙima girma, sunka samu 3 daga ciki PTEN ɗinsu a lalace. Haka ƙwayoyin gado TSC1 da TSC2, in sun samu matsala suna sa ƙari a ƙwaƙwalwa da ƙoda da fata, kuma da yawan masu wagga lalura suna da otizim. To ka ga ganin kalmomin nan biyu a tarihin rubuce-rubucen mutum ɗaya ba laifi ba ne. Sai an buɗe takardun an ga mi ke ciki, an kuma bi sawun abin da ya same su bayan an buga.

Jerin da anka turo kusan duk a kan mutum biyu ya tsaya. Na farko Nobuto Yamamoto, ɗan asalin Japan, mai wata cibiya a Filadelfiya ta Amurka da ake kira Socrates Institute. Tun wajen farkon shekarun 1990 yake rubutu kan wani furotin da hanta ke yi wanda ke ɗaukar bitamin D cikin jini, sunansa Gc. Ra'ayinsa shi ne jiki na juya wanga furotin ya koma GcMAF, shi kuma ya tada ƙwayoyin garkuwar jiki masu haɗiye cuta, su makurofej. Sai ya ce ƙwayoyin sankara suna fitar da nagalase ya ɓata furotin ɗin tun kafin a juya shi, garkuwa ta kwanta, don haka in ka haɗa GcMAF a lab ka yi wa mutum allura ka tsallake matsalar. A matsayin tunani da za a gwada ba shi da aibi, haka bincike ke farawa. Shi nagalase ɗin ma abu ne na gaske, kowa na da shi cikin ƙwayoyin jikinsa yana aikin narka wasu sinadarai, wanda anka haifa babu shi ne ma ke samun wata cuta mai wuyar samu da ake cewa Schindler.

Inda zancen ya tashi sama shi ne takardu huɗu da ya buga kan mutane. Uku a 2008: mata 16 masu sankarar mama a International Journal of Cancer, mutum 8 masu sankarar hanji a Cancer Immunology, Immunotherapy, maza 16 masu sankarar furostet, wata gaɓa ta maza a ƙarƙashin mafitsara, a Translational Oncology. Ta huɗu a 2009 a Journal of Medical Virology, mutum 15 masu ƙanjamau. Duka mutum 55 ke nan. Allura sau ɗaya a mako, nanogiram 100, kuma a kowace takarda sakamakon kusan iri ɗaya, wai cuta ta gushe, har ƙanjamau ɗin ma wai an kawar da shi.

Nan ne na zauna sosai, don nan ne aikina. Masu sankarar nan an riga an yi musu magani irin na asibiti kafin su shiga, aiki ko kemo ko gashi, wato irin wanda Inna ke ciki yanzu, to in sun samu lafiya ta ina za ka raba aikin allurar da aikin wuƙar likita? Ba a ware wasu marasa lafiya irinsu da ba a yi wa allurar ba don a kwatanta. Sannan babban abin, ma'aunin da anka dogara da shi don a ce ciwon na raguwa shi ne nagalase ɗin kansa. Shi Yamamoto ya ce nagalase ne alamar ciwo, shi ya auna, shi ya ce ya sauka, shi ya ce an warke. Kamar mai gero ne a Tsohuwar Kasuwa ya zo da tiyarsa da ba wanda ya taɓa gwada ta da ta kowa, ya auna maka ya ce ta cika. A asibiti in ana son sanin ƙari ya ragu hoto ake ɗauka, ko a yanki tsoka a duba a madubin lab, ko a bi mutum shekaru a ga ya rayu ko ciwon ya dawo. Tun a 2008 ƙungiyar Cancer Research UK ta Birtaniya ta fito ta nuna irin waɗannan ramuka.

Sai na ɗauki sunayen takardun ɗaya bayan ɗaya na zuba a PubMed, rumbun takardun likitanci ne na gwamnatin Amurka, kyauta, kowa na iya shiga da wayarsa. Uku cikin huɗun nan an janye su a 2014: ta mama, ta hanji, da ta ƙanjamau. Janyewa na nufin mujallar da kanta ta fito ta ce ta cire hannunta kar a dogara da abin. Dalilin da anka bayar ya shafi takardun izinin kwamitin ɗa'ar bincike, wato kwamitin da dole ya amince kafin a gwada abu a jikin ɗan Adam. Wata ƙungiya ce a Beljiyam, Anticancer Fund, ta bi diddigi, ta ce kwamitocin Nagasaki da Hyogo da anka ce sun ba da izini ba ta same su ko'ina ba sai cikin takardun Yamamoto, wasu da anka lissafa a matsayin membobi sun ce su ba su san zancen ba, abokan rubutun nasa ma an neme su ba a same su ba. A jerin da anka turo wa Yaya duk ukun suna nan reras da lambar shafi, ba ko kalma ɗaya da ta nuna an janye su. Kuma a lura, Google Scholar, shafin neman takardun bincike, na ci gaba da ƙirga sau nawa anka ambaci takarda ko da an janye ta, har wanda ya ambace ta don ya ƙaryata ta ana ƙirga shi, don haka "an ambace ta sau ɗari kaza" ba shaida ba ce.

Mutum na biyu shi ne Jeff Bradstreet, likita a Amurka da ya daɗe yana yi wa yara masu otizim magunguna da sauran likitoci ba su yarda da su ba. Shi ya jawo zancen nagalase daga sankara ya kawo shi otizim. A 2012 shi da wasu mutum biyu sunka buga takarda a mujallar Autism Insights kan mutum 40 da ke zuwa asibitinsa, sunka ce nagalase ɗinsu ya hau, an yi allura ya sauka, kuma an ga canji a halayensu. Fayil ɗin marasa lafiyarsa ya koma ya duba, babu rukunin da anka yi wa allurar da ba magani ciki don kwatance, kuma wanda ya ce an samu sauƙi ya san sarai wa anka yi wa mi. Duk wanda ya zauna da yaro mai otizim ya san yaro na canzawa da girma, wata ukun nan ya koyi abu wata ukun gaba ya ja baya, uwa kuma da ta kashe dukiyarta dole idonta ya nemo sauƙi, wannan ba laifinta ba ne haka zuciya take, shi ya sa ake ɓoye wa likita da iyaye wa ya samu maganin gaske. Ɗaya daga cikin marubutan, Lynda Thyer, ta yi aiki da kamfanin da ke sayar da allurar a lokacin.

Kafin mu a lab mu yarda abu alamar cuta ne sai ya ci jarabawa mai yawa: cikin masu cutar mutum nawa yake kamawa, cikin masu lafiya mutum nawa yake yi wa ƙarya, in an raba jini ɗaya an kai lab biyu za a samu lamba ɗaya, sannan wasu masu bincike da ba su da ko sisi a ciki su maimaita su samu abu guda. Ga misali da ke nuna wuyar abin. Tun 1961 anka lura cewa wani kaso na yara masu otizim, wajen kwata zuwa kashi ɗaya cikin uku, sinadarin serotonin na jininsu ya fi na sauran yawa, an maimaita an sake samu, amma yau sama da shekara 60 ba likitan da ke gano otizim da shi, don mafi yawan yaran nasu daidai yake. To wanda anka tabbatar ma bai kai ba balle wanda tushensa takardun da anka janye. Har yau ba gwajin jini da ke cewa wanga yaro na da otizim. Kallon yaro ake yi, yadda yake wasa da magana da mu'amala, a tambayi iyaye tarihin girmansa. Akwai tambayoyi 20 da ake cewa M-CHAT-R na yara 'yan wata 16 zuwa 30, na tantancewar farko. Gwajin ƙwayoyin gado da ake yi wa wasu yara dalili yake nema bayan an riga an gano, ba shi ke ganowa ba.

Ita kuma allurar kanta, wallahi nan jikina ya yi sanyi. Daga jinin mutane ake yin ta. Babban mai sayarwa a lokacin David Noakes ne, mai kamfanin Immuno Biotech a tsibirin Guernsey, kuma ba likita ba ne, harkar kwamfuta ya yi. A farkon 2015 hukumar magunguna ta Birtaniya, MHRA, ta shiga wurin da ake haɗa ta kusa da Cambridge ta rufe, ta kwashe 'yan kwalabe sama da 10,000, ta ce wurin bai cika ƙa'idar tsafta ba kuma ruwan jinin da ake amfani da shi an rubuta a jikinsa kar a sa wa mutum. A Nuwamban 2018 kotu a Landan ta ɗaure shi wata 15 bayan ya amsa laifin haɗa magani da sayarwa ba lasisi da kuma halatta kuɗɗin haram. Wannan fa a Ingila ke nan. Yanzu ka ɗauko abin da ba a san wa ya haɗa ba, ya biyo kula daga wata ƙasa zuwa zafin Sakkwato, a sa wa Inna da kemo ya riga ya kwantar mata da garkuwa. Ko hepatitis ko wata ƙwaya ce a ciki ba mai ce maka.

Zancen an kashe likita kuwa, gaskiya ne Bradstreet ya mutu a watan Yunin 2015 kwanaki kaɗan bayan jami'an gwamnati sun binciki asibitinsa a jihar Jojiya. Hukuma ta ce shi ya kashe kansa, danginsa ba su yarda ba. Abin tausayi ne ko ta ina. Amma ko mi ya faru da shi, takardarsa na nan yadda take, mutum 40 ba kwatance, mutuwarsa ba ta ƙara mata ƙarfi ba.

Yaya bai yi wuyar fahimta ba, da na nuna mai tambarin janyewa a waya sai ya ce "to su masu mujallar da kansu sun tsere, ni mi zan tsaya yi." Wahalar tana wajen matan, kuma ina ganin hakkinsu. Ashe Inna har ta fara cewa ba za ta koma kemo na gaba ba. Ta ce min "ɗan nan, in akwai allurad da ba ta zubda suma ba ta sa amai, don mi za a ci gaba da wahalshe ni?" Wannan shi ne haɗarin da ya fi na kuɗɗi, don fili in ya tafi ana iya samun wani, amma sankarar mama da anka tare da aiki anka bi da kemo in an katse a tsakiya ta samu sarari. Ban yi mata dogon turanci ba, na ce Inna matan nan 16 da ake ba ki labari su ma sai da anka yi musu irin naki tukun, kuma takardar ma masu mujallar sun janye ta. Na roƙi Yaya ya faɗa wa likitanta zancen amai da kasala don akwai magungunan da ke rage su, an kuwa canza mata ta ɗan samu sauƙi, ta koma.

Anti ce ta yi kuka. Ta ce "Bappan yara, kai kullum sai ka ce wanga ba shi yi, wancan ba shi yi, to mi ka yi?" Tambaya ce ta gaskiya kuma ita ce ta sa irin mutumin nan ke samun kasuwa, shi yana da amsa ɗaya gajera mu kuma tamu doguwa ce mai cin shekaru. Ta kuma tambaye ni ko ciwon mahaifiyarta da na ɗanta jini ɗaya ne tunda na ambaci PTEN. Na ce wannan a kai wa likitan yaron, shi zai auna girman kan yaron ya duba fata ya ga ko akwai dalilin nema, amma ta sani abu ne mai wuyar samu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa kiyasta cewa wajen yaro 1 cikin 100 na da otizim, sankarar mama kuma ita ce kan gaba cikin sankarar mata a Najeriya, to haɗuwarsu a dangi ɗaya ba abin mamaki ba ne.

Abin da ke yi, iyakar abin da ilimi ya kai yau, horo ne da wuri kuma kullum. A fara da gwajin ji a tabbatar kunne lafiya. A samu mai koyar da magana ko da sau ɗaya a wata ne ya koya wa uwa abin da za ta riƙa yi a gida, hotunan kofi da abinci da bayi yaro ya nuna abin da yake so, tsarin yini ɗaya da ba ya canzawa, wasa ƙasa tare da shi ana bin abin da ya ja hankalinsa. In akwai farfaɗiya ko rashin barci ko bugun kai da bango, waɗannan suna da magani kuma na likita ne. Muna da asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a cikin gari, muna da asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kware, mutane na jin Kware su ja baya don kunya, ni kuma ina ganin wagga kunya ta cuci yara da yawa. Masu koyar da magana sun yi mana kaɗan ƙwarai a wanga yanki, wannan gaskiya ce mai ciwo, kuma ya kamata iyaye su haɗa baki su nema maimakon kowa ya ɓoye nasa a ɗaki.

Anti ta ɗauki hotunan shafukan janyewar ta saka a gurup ɗin, ni kuma na yi bayani da murya da Hausa ta tura. Mata biyu sunka bi ta gefe sunka ce su har sun ba da kafin alƙalami, na ce su adana shaidar tura kuɗɗin da lambar mutumin su kai ofishin NAFDAC, kuma ko an kawo kwalbar kar a sa wa yaro. Masu gurup sunka cire mutumin. Bayan ɗan lokaci wata ta turo wa Anti saƙonsa daga wani gurup na masu ciwon daji, ya gyara jerin, ya cire ukun da anka janye ya cika wurin da wasu sababbi. Na buɗe su su ma. Mafi yawansu gwaji ne kan ƙwayoyi cikin faranti a lab ko kan ɓeraye, sauran labarin mara lafiya ɗaya ko biyu ne, kuma in ka duba madogararsu a ƙasa za ka ishe sunan Yamamoto da shekarar 2008.